Kwano Nawa Ne na Gero?

A watan jiya ɗaya daga cikinmu ya ɗauko mahaifinsa daga wani ƙauye da ke kusa da Ɗambatta, ya kawo shi birni ganin likitan ido. Da aka sallame su wajen azahar, sai ya ga ai yau ce ranar da zai fita kunyar tsoho. Ya wuce da shi wani gidan abinci da ke tsakanin Titin Murtala Mohammed da hanyar Bompai, unguwar bankuna da ofisoshi, irin gidan nan da mai gadi ke buɗe maka ƙofar gilashi, sanyi ya dake ka tun kafin ka yi sallama. Aka kawo musu takardar jerin abinci mai shafi takwas. Tsoho ya riƙe ta, ya juya, ya ajiye. Shi ajami yake karantawa, ita kuwa daga farko har ƙarshe babu kalma ɗaya ta Hausa.

Ma'aikaci ya rusuna ya ce, “Baba, me za a kawo?”

Ya ce, “Ɗan nan, tuwon dawa, in da miyar kuka. In babu, ko ta kuɓewa.”

Yaron ya yi murmushi irin na mai jin nauyi, ya ce, “Wallahi Baba ba ma yi. Sai dai na semo.”

“Fura fa?”

“Ita ma babu, Baba. Akwai dai lemon kwali.”

Aka daidaita a kan soyayyiyar shinkafa da kaza. Tsoho ya nemi inda zai wanke hannu, ya ci abin da zai iya ci, ya yi hamdala. Da aka kawo rasit, ɗan ya yi maza ya kife shi, ya miƙa kati. Amma yaron da zai danna POS sai da ya faɗi adadin da baki: naira 24,500. Tsoho bai ce uffan ba har suka hau Titin Katsina, suka wuce Kurna, suka wuce Rijiyar Lemo, manyan motocin Dawanau suka fara bayyana. Sannan ya ce, “Kai, wannan kuɗin da ka bayar, kwano nawa ne na gero?” Ɗan ya yi lissafi a zuci, ya tarar a farashin kakar nan ya haura rabin buhu. Bai faɗa ba. Tsohon ma bai sake tambaya ba, don ya riga shi gama lissafin.

Tambayar nan ce ta hana mu sakat, har muka ga gara mu kawo ta gaban jama'a. Da muka ce “mu”, muna nufin 'ya'yan Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Tsanyawa da Minjibir da Dawakin Tofa, waɗanda aka sayar da tumaki da buhunan gyaɗa aka biya mana kuɗin makaranta, muka karanta kimiyyar kwamfuta a BUK ko Wudil ko Zariya. Yau shekarunmu talatin da 'yan kai, muna rubuta manhaja, wasu ga kamfanonin Legas, wasu ga na ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Mu ne kwastomomin gidajen nan. Can muke buɗe kwamfuta idan an ɗauke wuta, can muke ganawa da mai ba da aiki, can muke kai amarya, can muke ɗaukar hoton faranti kafin mu yi bismillah. Saboda haka duk wanda rubutun nan zai taka, mu zai fara takawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga ƙarar a taƙaice. Gidajen abincin tsakiyar Kano suna zaune ne a bakin ƙofar ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kewaye da gonakin da suka ciyar da birnin nan ƙarni bayan ƙarni, amma abin da gonakin ke haifarwa ba shi da gurbi a teburinsu. Kuɗin da muke zubarwa a can yana tsallake ƙauye, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa, daga nan ya haye teku. Kuma ba masu gidajen ne suka tsiri haka su kaɗai ba. Ɗan kasuwa abin da ake saya yake dafawa. Mu muka koya musu, da aljihunmu.

Mai karatun da bai san arewacin Kano ba, ya shiga motar Ɗambatta ranar kasuwa ya riƙa leƙawa ta taga. Ba zai ga daji ba. Gona ce manne da gona, iyakarsu gamba ko aguwa ko lalle. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, damina ba ta fi wata huɗu ba, kuma gonar da kaka ya noma ita jika ke nomawa, ba a barinta ta huta. A gona ɗaya za ka ga gero da dawa da wake da gyaɗa, ga ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya tsaye a tsakani, kowace bishiya da mai ita. Masana sun daɗe suna mamakin yadda ƙasa irin wannan ke ɗaukar jama'a masu yawa haka ba ta mutu ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, kuma cikin abin da ya rubuta akwai wanda kakanninmu ba su buƙaci bincike kafin su sani ba, wato aikin jaki. Da rani jakuna kan shiga birni ɗauke da itace da kara da hatsi, su fito da mangala cike da taki: toka da shara da kashin dabbobin gidajen birni. Birni ya ci, ya mayar wa gona abin da ya rage, gona ta mayar da shi hatsi.

Wancan zumunci ya tsinke. Takin birni yanzu cike yake da leda da fasassun kwalabe da matattun batura. Abin da birni ke turo wa arewa ba fashi shi ne ruwan Jakara, wanda na Getsi ke haɗuwa da shi ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su gangara madatsar Wasai a Minjibir. Saura kuɗi. Shi kaɗai ne abin kirkin da birni zai iya mayar wa gona a madadin taki, to ga inda shi ma yake bi.

Ɗauko takardar nan mai shafi takwas, mu bi ta layi-layi kamar yadda muke bin manhaja idan ta ƙi aiki. Fiza alkama ce. Shawarma da alkama aka naɗe ta. Burodin boga, taliya, mitfai, kek, duk alkama. Hatta tuwon semo da aka yi wa tsoho tayi, alkama ce aka niƙa. Najeriya kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take ci daga waje take sayowa, da dala. Ba mu manta ba cewa Kanawa sun san alkama tun kafin zuwan Bature, ga gurasa ga alkubus ga funkaso, ana nomanta da sanyin hunturu a fadamu, yanzu kuma a Kadawa. Amma gero da dawa ne suka riƙe cikin ƙasar nan. Tun 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi sukutum a kan yadda burodi ya ɗaure Najeriya, suka sa masa suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, ta janye hanin a 1992. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, mai shayi a Fagge sai da ya ji a jikinsa. Shekara 40 bayan littafin, mu da muka yi boko mun shiga tarkon da ƙafa biyu, har muna ɗaukar hoto a ciki.

Shi kuma manomi fa? Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, naira ta faɗi, kuɗin mota da na taki da na ƙwadago suka yi tashin gwauron zabi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin 100, birni ya yi kuka, kuma kukansa na gaskiya ne. A Yulin shekarar gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka, na taki kuwa ya ƙi sauka. Wanda ya ci bashi ya noma da tsada, ya sayar da araha. To wa ya ga an rage kuɗin faranti a gidajen gilashi? Idan hatsi ya hau a ce mana tsadar kaya ce, idan ya sauka a ce dizal. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mana rai ma shi ne suna. Inda aka yi wa abincinmu alfarma aka saka shi, sai ka kai shafin ƙarshe za ka same shi, ƙarƙashin kalmar “lokal”. Tuwo kuma an raɗa masa wani sunan Turanci mai ma'anar “haɗiya”, sai ka ce ƙwayar magani. Tuwon dawa da na gero da na masara da na shinkafa, kowanne da ƙamshinsa da miyar da ta dace da shi, an tattara su an kira su haɗiya. Taliyar Italiya kuwa kowace siffa da sunanta, mun haddace su, har muna gyara wa juna furuci. Yanzu “lokal” ta zama zagi a bakin ƙannenmu: yaro lokal, shiga lokal, magana lokal. Yaron da ya tashi yana ganin abincin uwarsa a shafin ƙarshe, a wane shafi kuke zaton zai ajiye uwar? Iyayenmu kunyar gona suka sani, wadda ake shuka a kanta. Kunyar tuwo mu muka ƙirƙiro ta.

Akwai kuma maganar yadda ake cin. A garuruwanmu har gobe ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a fito masa da akushi ko kwano ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, a haɗa. Mai tuwon da ya ji man shanu da wanda miyarsa ko daddawa ba ta gani ba, tare suke sa hannu. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar, ya zauna ya ci, asirinsa a rufe. Baƙo in ya biyo, bismillah ce ke tarbarsa kafin a tambaye shi daga ina. Dattijo kuwa yana jin nauyin cin abinci a bainar jama'a, kada mai yunwa ya gani. Gidan gilashi ya kifar da wannan ladabi, domin an gina shi ne don a gan ka kana ci. Almajiri na waje, mai gadi na tsakani, kai kana ciki, kuna ganin juna sarai. Sannan mu ɗora hoton a Instagram, domin wanda bai biyo ta titin ba shi ma ya gani. Ranar 1 ga Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Kano, cikin wuraren da aka wawashe har da sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC, wadda aka gina domin irinmu. Ba ma goyon bayan ɓarna, kuma wanda ya saci kujera bai ƙoshi ba. Amma ranar mun koyi cewa gilashi ba katanga ba ne.

Mun san amsoshin da za a ba mu, domin mu ma mun sha ba kanmu su.

Za a ce, kuɗina ne, gumina ne. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a ƙwace maka cokali. Sai dai gumin nan yana da asali. Kafin ya zama naka, na wani ne da ya kai tunkiyarsa kasuwa aka saya maka fom ɗin JAMB, ya kwana da kunu domin ka tafi makaranta da guzuri. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Za a ce gidajen nan suna ba matasa aiki, suna biyan haya da dizal da harajin VAT na kashi 7.5. Haka ne, shi ya sa ba mu ce a rufe su ba, ba mu ma ce su karya farashi ba. Mai dafa dambu ma aiki zai ba matasa, haya zai biya. Bambancin kawai, nairar da aka kashe a kan dambun gero tana da hanyar komawa Makoɗa, wadda aka kashe a kan fiza ba ta san hanyar ba.

Za a ce, tuwo ai akwai shi a gida, don me zan fita in biya? Wannan ce hujjar da ta fi kama hankali, amma mu leƙa kicin ɗinmu na birni mu faɗi gaskiya. Yaushe rabon da a tuƙa tuwon dawa a ciki? Taliya ce da shinkafa da burodi, safe da dare. 'Ya'yanmu sun san sunan kowane dunƙulen ɗanɗano na kanti, in suka ji daddawa sai su toshe hanci. Ɗan Italiya ma yana da taliya a gidansa, hakan bai hana shi fita ya biya gwani ya dafa masa ba.

Za a ce tsafta. Tsafta a hannun mai girki take. Kicin ɗin da ya iya ajiye cuku a firji zai iya ajiye nono, wanda ya iya wanke latas zai iya wanke zogale.

Za a ce muna yi wa wahala kwalliya, domin tuwon da muke yabo gumin mata ne: sussuka, surfe, daka, tankaɗe, hayaƙi. Wannan kam mun karɓa hannu bibbiyu. Iyayenmu mata sun tsufa da wuri a bakin turmi da murhu, ba ko sisi. To ai shi ya sa muke so a saya. Ranar da gidan abinci ya sa wa aikin nan farashi, ranar ya zama sana'a mai daraja. Matan da ke yin daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da garin kuka a cikin gida, 'ya'yansu mata ne ke yawon talla da su. In gidan abinci ɗaya ya ɗauki kayan mata goma duk mako, ga 'yan mata goma sun samu damar zama a aji.

Masu cewa gero ba ya shiga babban wuri su ɗan leƙa waje. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya, kuma da shugabannin G20 suka taru a New Delhi a Satumban shekarar, har da abincin gero aka jera musu. Najeriya da Nijar na sahun gaba a noman gero a duniya, amma shekarar ta zo ta wuce ba mu ji ɗuriyarta a teburan Kano ba. A Adis Ababa babban otal ba ya jin kunyar injera, wainarsu ta gargajiya. Pierre Thiam, wani kuku ɗan Senegal, ya ɗauki acca, wadda muke gani abincin talakan Filato da kudancin Kaduna ce, ya kai ta teburan New York. Zoɓon da ake tsincewa a Kano ana loda shi zuwa Meziko, can a jiƙa shi a sha a gidajen abinci, mu nan a miƙo mana lemon kwali. Ko a gida ma, waɗanda suka dama fura da yogot suka zuba a gora mai tsafta suka sa a firji ba su rasa masu saye ba. Ashe kasuwar tana nan, raini ne ya rufe mana ido.

Bari mu shiga tamu gonar. A sana'armu akwai labarin da kowa ya sani. A Maris ɗin 2016 wani mai rubuta manhaja ya yi fushi, ya janye wani ɗan aikinsa mai suna left-pad daga rumbun da masu sana'ar ke ɗiba kyauta a intanet. Layi 11 ne kacal. Nan take ɗimbin manhajoji a duniya suka ƙi haɗuwa, har da na manyan kamfanoni, domin ashe a kansa suke tsaye ba su sani ba. Mun sha ba da labarin nan muna dariya, muna yi wa sababbin shiga gargaɗi su san abin da aikinsu ya dogara a kai. To manomin Kunchi shi ne layi 11 na Kano, kuma ya fara janyewa. Ɗansa ya ajiye fartanya, yana tuƙa adaidaita sahu a birni ko yana ga-ruwa a Abuja. Gonakin Ungogo da Dawakin Tofa ana yanka su fuloti-fuloti. Mu kuma me muka gina? Manhajar da za ta kai wa mazaunin Nasarawa fiza tana da zafi. Mun ƙware a rumbun bayanai, rumbun gidanmu ba mu san dami nawa ya rage a ciki ba. In an buɗe gasar neman tallafi sai mu manna hoton manomi a shafin farko, mu zuba Turanci a kansa, in an dace a je gidan gilashi a yi murna.

Ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin kowa a ciki.

Masu gidajen abinci, ku ba abincin ƙasar nan shafin farko, da sunansa na yanka, da Hausa: tuwon dawa miyar kuka da man shanu, burabuskon gero, dambu da zogale, ɗanwake, tubani, wasa-wasa, kunun tsamiya, fura da nono. Gwanayensa suna nan a lungunan birni da ƙauyuka, ku ɗauko su, ku biya su abin da kuke biyan mai gasa fiza. Ku sa farashin da ya dace, za mu biya. Ku rubuta inda kaya suka fito, a san geron Makoɗa ne, waken Bichi ne, tumatirin madatsar Tomas ne. Abin da ya fi duka, ku yi ciniki da manomi tun kafin shuka. Ciwon manomi kaka ce, lokacin da kowa ke kai hatsi kasuwa don biyan bashi, farashi ya faɗi, mai ajiya ya kwashe, ya fito da shi tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, manomin ya dawo yana sayen nasa da tsada. In ya san akwai mai ɗaukar buhu 20 a kan farashin da aka ƙulla, zai san takin da zai saya, zai san bashin da zai iya ci. Ajiya kuwa ba ta gagara ba, buhun PICS mai ruɓi uku yana tsare wake daga ƙwari ba tare da an zuba magani ba.

Abokan sana'a, cinikin nan ba ya buƙatar wata gagarumar fasaha. Lambar waya ce, da saƙon murya da Hausa, da rubutaccen alkawari, da hanyar biya wadda ba za ta cinye ribar ba. Wanda ya iya haɗa banki da banki zai iya haɗa kuku da ƙungiyar manoma. Amma kafin a buɗe kwamfuta, a je kasuwar ƙauye a zauna da dillalai da masu awo a saurare su. Su suka riƙe hanyar nan tun kafin a haife mu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu duka masu ci kuwa, mu riƙa tambaya. Duk sa'ad da aka miƙo takarda, a ce, akwai tuwon dawa? Akwai fura? In an ce babu, a ce to a gaya wa manaja an nema. Mutum ɗaya in ya tambaya, za a ce ƙauyanci ne. Mutum ɗari in suka tambaya cikin wata guda, manaja da kansa zai aika Dawanau. Shawarma ta mamaye Kano a gaban idonmu ba da dokar kowa ba, nema kawai aka yi ta yi. Bakin da ya nemo ta shi zai nemo burabusko.

Abokin namu ya koma gida Juma'ar da ta biyo baya. Bayan magariba aka fito da tuwo ƙofar gida, dattawa suka zauna, shi yana daga gefe. Tsohon ya ba su labarin gidan sanyi, ba da ƙorafi ba, har yana yaba ladabin yaron da ya kawo musu abinci. Wani dattijo ya ce, “To Malam, me suke ci a can da ya fi namu?” Tsohon ya yanki loma, ya ce, “Oho. Ni dai na ga ba su san da mu ba.” Sai ya tura akushi wajen ɗansa ya ce, “Matso ka ci, wannan an riga an biya.”

An biya kam, kuma mun san wanda ya biya. Saura mu.